CT, MRI ko EEG: wane hoton ƙwaƙwalwa ya dace da majinyacinku?

Ranar da kawuna ya faɗi, bayan La'asar ne, cikin zafin watan Afrilu irin na Sakkwato. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, butar ta suɓuce, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Kafin Magariba muna asibiti. Likita ya duba shi ya ce a yi CT yanzu-yanzu. Nan gardama ta tashi, kuma a tsakaninmu ta tashi, babu ruwan likita. Babban ɗan kawu da ke aiki a Legas ya bugo waya yana cewa kada a ɓata kuɗi a kan CT, shi ya ji MRI ta fi, a jira a yi wadda ta fi. Wani maƙwabci da ya rako mu ya ce a fara ba shi asfirin tukuna, wai tana tsinka jini. Inna, matar kawu, tana zaune a kan tabarma ta ce: "Ku dai ku yi abin da likita ya ce. Mu mi munka sani?" Ita ce ta fi mu gaskiya, amma sai da muka cinye kusan awa biyu a waya kafin muka bi maganarta. Da hoton ya fito, jini ne ya zuba a cikin kai. Da mun ba shi asfirin ɗin nan, da mun ƙara wa wuta fetur da hannunmu.

Tun daga ranar nake karanta abin da ya shafi waɗannan na'urori, ina kuma tambayar masu aikin. Abin da na gane shi ne, kowace na'ura tambaya guda take yi wa ƙwaƙwalwa, kuma ba ta amsa tambayar 'yar'uwarta. Wanda ya san tambayar da ake yi ba zai tsaya jayayya a bakin ɗakin hoto ba.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Saƙo yana gudu a cikin kowace ƙwaya da ɗan ƙarfin lantarki, amma idan ya iso bakin ƙwayar, akwai ɗan rata tsakaninta da ta gaba, lantarkin ba ya tsallakewa. Sai ƙwayar ta feso wani sinadari ya haye ratar ya isar da saƙon. Wani masani, Otto Loewi, shi ya nuna haka a 1921 da zukatan kwaɗi biyu: ya motsa jijiyar ɗaya har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ɗayar, ita ma bugunta ya ragu. Sinadaran aika saƙon nan suna da yawa, amma biyu ne ke ɗauke da mafi yawan aikin. Gulutamet shi ne mai cewa "tashi", GABA kuma mai cewa "dakata". Dofamin da serotonin, waɗanda sunansu ya fi yawo a intanet, aikinsu ya fi kama da daidaita murya, su ɗaga ko su sauke.

Duk wannan aike-aike yana cin abinci, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Sukari da oksijin ɗin da take buƙata, jini ne ke kawo mata su nan take, wajen mililita 750 a kowane minti. Shi ya sa idan jini ya yanke mata gaba ɗaya, cikin sakan goma mutum ya suma.

Wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Kwalkwalawa lokacin noman rani ya ga yadda mai albasa ke ban-ruwa. Ba ya sakin ruwa a gona gaba ɗaya. Yana bin fangali-fangali, ya buɗe wa wannan, ya toshe wancan, gwargwadon buƙata. Haka ƙwaƙwalwa ke yi da jini. Idan ka ɗaga hannun dama, ƙwayoyin da ke kula da shi a ɓangaren hagu na kai suna feso gulutamet. Gulutamet ɗin nan, ban da isar da saƙo, yana sa ƙwayoyin jijiya su saki wata iska mai suna naitirik oksaid, yana kuma taɓa wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ƙafafunsu ke rungume da ƙananan jijiyoyin jini. Sai jijiyoyin wurin su buɗe, jini ya kwararo wa wannan fangali kaɗai. Wani likita a Italiya, Angelo Mosso, ya lura da haka tun wajajen 1880 a kan mutanen da ƙoƙon kansu ya sami rauni har ana ganin bugun ƙwaƙwalwa: idan ya ba mutum lissafi, sai bugun ya ƙaru. A 1890 Roy da Sherrington a Ingila suka rubuta cewa aikin ƙwaƙwalwa ne da kansa ke jan jini zuwa inda ake aikin.

To, abu huɗu ke nan ake iya dubawa: siffar ƙwaƙwalwar, lantarkinta, sinadaranta, da jinin da ke shayar da ita. Na'urorin sun rarraba su ne a tsakaninsu.

CT da MRI ta yau da kullum duka siffa suke dubawa, kuma a kansu ne aka fi yin gardama, don haka a nan zan daɗe. CT hasken eksire ne da ke zagaye kai, kwamfuta ta haɗa hotunan yanka-yanka. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan majinyaciya a Landan a 1971. Ƙarfinta sauri ne. Ɗaukar hoton kai ba ya wuce 'yan mintuna, kuma sabon jini da ya zuba yana fitowa fari fes, ko ƙaramin likita zai gane shi. Ƙashi ma tana nuna shi ƙwarai. Majinyacin da ke fizge-fizge, ko aka sa wa robar numfashi, ana iya yi masa ita.

Shanyewar ɓarin jiki, wato ciwon da ya kama kawuna, iri biyu ce, kuma a ido ba a bambance su. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, fangali ya bushe, ko kuma jijiya ta fashe, ruwa ya ci gona. Maganin ɗaya guba ne ga ɗayar. Mai toshewa ana ba shi abin tsinka jini, inda kuma ake da allurar narkar da gudan jini, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. Mai fashewa idan aka ba shi waɗannan, zubar ce za ta ƙaru. A ƙasashen Turai toshewa ta fi yawa nesa ba kusa ba, amma babban binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana ya nuna cewa a nan kusan ɗaya cikin uku fashewa ce, kuma hawan jini ne babban ummul'aba'isi. Saboda haka tambayar farko ga irin kawuna ita ce: akwai jini ko babu? CT tana amsa wannan cikin minti biyar. Wani ƙiyasi da likitocin jijiya ke yawan ambatawa ya ce a babbar toshewa, ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Idan na tuna awa biyun da muka yi a waya, har yau raina yana ɓaci.

Akwai abin da ke rikita dangi a nan. Idan toshewa ce, CT ɗin awannin farko tana iya fitowa ba a ga komai ba, sai a ce an yi asarar kuɗi, ko a fara zargin ba ciwon asibiti ba ne. Ba asara ba ce. Hoton ya amsa tambayar da aka yi masa: babu jini, a fara magani. Wurin da ya bushe sai daga baya yake bayyana a CT.

Haka ma wanda ya faɗo daga kabu-kabu ya bugu a kai. Idan ya suma, ko yana ta amai, ko barci yana fizgarsa, ko ruwa ko jini na fita ta kunne, CT ce tasa, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Akwai irin zubar jinin da mutum zai farfaɗo ya yi hira har ya ce a kai shi gida, bayan 'yan awanni jini ya taru tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa ya danne ta. Mu a Sakkwato Allah ya taimake mu, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ake kawo mata majinyata har daga Kebbi da Zamfara, kuma irin wannan jini idan aka kwashe shi da wuri mutum yana tashi garau. Tsofaffi kuwa, ɗan bugun da aka manta da shi yana iya tara jini a hankali, bayan makonni a ga tsoho ya rikice ko yana jan ƙafa, a ce tsufa ne. Shi ma CT tana kama shi.

Aibin CT shi ne hasken da take harbawa. Hoton kai guda ɗaya ya yi kusa da irin wannan hasken da jikin mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama a cikin kusan shekara, ba abin tsoro ba ne idan da dalili. Amma ba abin maimaitawa ba ne don kwantar da hankali kawai, musamman ga yara, kuma mai juna biyu ta faɗa kafin ta shiga.

MRI ba ta amfani da wannan haske. Maganaɗisu ne mai ƙarfi da igiyar rediyo, suna sauraron ruwan da ke cikin nama. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami kyautar Nobel a kanta a 2003. Wajen nuna naman ƙwaƙwalwa, ɗan kawu bai yi ƙarya ba, ta fi CT nesa. Ƙari a ƙwaƙwalwa, ƙaramin tabon da ke haddasa farfaɗiya, matsalar da ke can ƙasan kai kusa da ƙeya inda ƙashi ke dusashe hoton CT, lakar gadon baya, duk nata ne. Akwai ma salon ɗaukarta da ke nuna wurin da jini ya yanke wa cikin mintuna da faruwar abin. Sai dai tana cin minti 20 zuwa 45, mutum yana kwance cikin rami mai ƙara kamar injin niƙa, kuma ko ɗan motsi yana ɓata hoton, har yara ƙanana sai an sa su barci. Ta fi tsada, layinta ya fi tsawo, kuma ba kowace MRI ce MRI ba: ƙarfin maganaɗisun ana auna shi da tesla, mai 1.5 tana nuna abin da mai ƙasa da rabin tesla ba za ta nuna ba. Idan ƙaramin tabon farfaɗiya ake nema, a tambayi likita ko na'urar da za a je ta isa, kafin a biya.

Maganar ƙarfe kuma ba wasa ba ce, domin maganaɗisun ba ya kashewa ko da ba a ɗaukar hoto. Mai na'urar daidaita bugun zuciya, mai walda da ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, wanda harsashi ko ɓaraguzansa suka rage a jikinsa (kuma abin takaici, irinsu sun yawaita a gabashin jiharmu), duk su faɗa tun a bakin ƙofa. Mai haƙorin Makka ma ta faɗa, a cire 'yan kunne da fil ɗin gashi, a goge kwalli. Idan kuma aka ce za a yi allurar ruwan da ke ƙara fito da hoto, a CT ko a MRI, a yi tsammanin za a nemi gwajin ƙoda.

A taƙaice, abin da ya faru yau, ba zato, CT mafi kusa. Abin da ya daɗe yana tafiya a hankali, ciwon kai da ke ƙaruwa mako bayan mako tare da amai da safe, gani da ke raguwa, hali da ke canzawa, wannan yana iya jiran MRI.

Farfaɗiya kuwa wata tambaya ce dabam. Ita rikicin lantarki ce: masu cewa "tashi" sun rinjayi masu cewa "dakata", dubban ƙwayoyi suka harba lokaci guda. Shi ya sa tsofaffin magungunanta irin su fenobabiton da diyazefam aikinsu ƙarfafa GABA ne. Mai farfaɗiya yana iya yin CT da MRI duka su fito lafiya lau, don gidan bai rushe ba, wayarin wutar ne ke tartsatsi. Na ga iyalai da suka kashe abin da suke da shi a kan hoto, da aka ce ba a ga komai ba sai suka yanke cewa iskoki ne, suka bar magani. Wannan yana ci mini rai, domin mafi yawan masu farfaɗiya, wajen bakwai cikin goma, faɗuwarsu tana iya tsayawa da maganin da ya dace. Addu'a ba ta hana shan magani.

Na'urar lantarki ita ce EEG, wadda Hans Berger na Jamus ya fara ɗauka a kan mutum a 1924. Ana manna ƙananan wayoyi wajen ashirin a fatar kai, su saurara na kusan rabin awa. Ba ta sa wa mutum wuta, saurare kawai take yi, a gaya wa iyaye wannan don yawanci shi ne tsoronsu. Tana kama abin da ya faru cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan, amma ba ta iya nuna takamaiman wuri, kamar mai jin kiɗa daga bayan katanga. Za a sa mutum ya yi ta numfashi da ƙarfi na minti uku, a haska masa fitila mai ƙyaftawa, wani lokaci a ce ya rage barci a daren, duk don a tsokano tartsatsin. A wanke kai, kada a shafa mai, mace ta tsefe kitso, kuma kada a daina magani sai likita ya ce. Ita ma EEG ɗin farko tana iya fitowa lafiya ga kusan rabin masu farfaɗiya na gaskiya, don tartsatsin ba kullum yake ba. Saboda haka abin da ya fi taimaka wa likita sau da yawa yana cikin aljihunku: idan abin ya taso, wani ya kwantar da shi ta gefe, wani ya ɗauki bidiyo da waya. Gani ya kori ji. Saurayin da ya fara faɗuwa kuma a gaya wa likita gaskiya idan yana shan tiramol, domin ƙwayar tana taɓa sinadaran nan kuma an san tana jawo farfaɗiya.

Sai hotunan nan masu ja da rawaya da ake yaɗawa, wai ga wurin soyayya, ga wurin ƙarya. Yawancinsu fMRI ne, wato salon MRI mai bin sawun jini a ƙwaƙwalwa, kuma a nan ne labarin ban-ruwa ya fi amfani. A 1986 masana biyu, Fox da Raichle, suka gano cewa idan wuri ya kama aiki, jinin da ke kwararo masa ya zarce oksijin ɗin da yake ci, wato ana cika fangalin har ya tumbatsa. Jinin da ya sauke oksijin ɗinsa yana ɗan jirkita maganaɗisu, mai ɗauke da shi kuwa ba ya yi. Seiji Ogawa, ɗan Japan da ke aiki a Amurka, ya nuna a 1990 cewa MRI tana iya ganin wannan bambanci. Abin da fMRI ke gani ke nan: jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba albasar ba. Ruwan ma a makare yake isowa, ƙwayoyi sun harba tun ɗazu, jinin sai bayan sakan huɗu zuwa shida yake kai ƙololuwa. A 2001 Nikos Logothetis ya gwada a kan birai ya ga alamar ta fi bin saƙonnin da ke shigowa wurin fiye da waɗanda ke fita. Kuma ƙwayoyi masu cewa "dakata" su ma suna cin abinci, don haka wurin da ya yi ja ba lalle yana cewa "tashi" ba.

Duk abin da ya taɓa jijiyar jini yana taɓa wannan hoto. Goron da dattijo ya ci da shayin safe suna ɗauke da kafin, wanda ke tsuke jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya rage gudun jini sosai, alhali mutumin ya fi wartsakewa. Riƙe numfashi yana buɗe su. Tsufa da hawan jini suna sa su taurare. Inda fMRI ke da amfani ga majinyaci shi ne gab da tiyata, likita ya gane inda magana da motsin hannu suke don ya kauce musu. Ba ta gano ciwon damuwa, ba ta karanta zuciya.

Mai leƙa sinadarai kai tsaye ita ce PET da ƙanwarta SPECT. Ana yi wa mutum allurar wani abu mai ɗan haske da ke bin sukari ko ya manne wa wurin dofamin, na'ura ta bi sawunsa. Da su ake ganin raguwar dofamin a ciwon karkarwa na Parkinson, da su ake neman tushen farfaɗiyar da ta gagari magani. Sinadarin da aka fi yin PET da shi rabinsa yana ƙarewa cikin minti 110, dole a haɗa shi kusa da inda za a yi amfani da shi, shi ya sa na'urar ba ta yawa kuma mai buƙatarta daga nan sai ya yi shirin doguwar tafiya. Ƙwararren likita ne ke tura mutum, bayan an gama da sauran. Wanda damuwa ta kama, ko yake jin muryoyi, babu hoton da zai auna masa serotonin a ce ga ciwonsa. Zama da likitan ƙwaƙwalwa, irin na Asibitin Tarayya da ke Kware, shi ne gwajin, hoto kuwa sai idan likitan yana zargin wani abu a bayan alamun.

Akwai gwaji guda da nake so kowace uwa mai ɗa mai sikila ta san sunansa, don shi jinin yake aunawa kai tsaye kuma ba ya buƙatar rami ko allura. Ana kiransa TCD. Irin na'urar da ake duba cikin mai juna biyu ce, sai dai a gefen kai ake ɗora ta, gaban kunne, ta auna saurin jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Mai ban-ruwa ya san idan ya matse bakin tiyo ruwan yana ƙara gudu. Haka jijiyar da sikila ta fara tsukewa. Idan saurin ya kai santimita 200 a sakan, yaron yana cikin babban haɗarin shanyewar ɓarin jiki, alhali yana wasansa ba alamar komai. Idan ba a yi komai ba, kusan ɗaya cikin goma na masu sikila mai tsanani suna gamuwa da shanyewar kafin su kai shekara 20. Binciken STOP a Amurka ya nuna a 1998 cewa ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100. Ƙarin jini duk wata abu ne mai wuya a wurinmu, shi ya sa binciken da aka yi a Kano ya faranta mini rai: likitocinmu sun nuna cewa ƙwayar haidiroksiyuriya, ko a ƙaramin awo, tana kare irin waɗannan yara. Ana so a riƙa yin gwajin sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Ranar asibitin sikila ta gaba, Hajiya, ki tambayi likitan ɗanki inda ake yin sa, ki kuma sa ya rubuta miki adadin saurin a katin yaron.